Inuwa Dubagari, Ka Tafi da Sunan Jikana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Rajab, 1373, Allah Ya karɓi ran Malam Inuwa, dubagarin kasuwar Haɗeja.

Inuwa, tare aka kai mu elementare. Kai ka zarce, ni aka sallamo ni daga aji biyu, wai in je in taimaki gona. Gonar ma ba ta gode ba. Aka ba ka kaki da keke da wata kwalbar awo da kake tsomawa a madara ta tona asirin ruwa. Ni kuwa aka bar ni da baki.

Ban ƙi ka don keke ba. Zancen Saude ne.

Shekarar da aka yaye 'yar tawa, gudawa ta kama ta har idanunta suka faɗa. Muka yi jiƙe-jiƙe, muka yi hayaƙi, ina ba ta nono wai ta yi ƙarfi. Ka shigo gaisuwa, ka wuce ni kamar turmi, ka nufi ƙwaryar nonon. Ka ɗanɗana, ka tofar. Ka ce, "Shu'ibu, wannan ruwan fadama ne aka kaɗa da garin kuka." Mai nonon ba ka kai ta gaban alƙali ba, ka bi ta har ruga wajen garin Baturiya, ka nuna mata abin da ruwan kududdufi ke yi wa ɗan yaye. Kullum kuma sai ga ka da madarar da ka auna, ka tsaya a kanmu sai an tafasa.

Saude ta tashi. Tun daga nan kai ne Baba, ni kuwa mutumin da ke kwana a gidansu.

Bara ta haifi namiji. Na wanke babbar riga, na zauna gaba-gaba ina jiran takwara. Liman ya ɗaga murya ya ce, "Inuwa!" Na fi kowa ƙarfin amin, don kada a gane. Har yau ba ta iya faɗin sunan yaron, Abba take ce masa, kamar yadda ake sakaya sunan mahaifi. Nawa sunan kuwa lafiyarsa ƙalau, ba mai damunsa.

Na so mu tsufa tare in rama da tsiya, sai ka riga ni, har a nan ma.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai madarar Aljanna wadda ba ta bukatar awo. Allah Ya ba maiɗakinka Fanna da 'ya'yanka haƙuri. Saude ma tana gidanka tana karɓar gaisuwa. Jiya na bi layi, na durƙusa na ce mata, "Ya haƙurin rashin uba?" Ta ce, "Da godiya." Wallahi, Inuwa, ka cancanta.

Shu'ibu Ɗanladi, Haɗeja