Mushe Mamudu da Kwamitin Gindin Gawo

Duk wanda ya san Tasawa ya san babur ɗin Mushe Mamudu Jatau, ko bai san mai shi ba. Mushe kuwa laƙabin ma'aikatan boko ne a wurinmu, aro daga faransanci. Tsohon babur ne mai yawan tari, sai an tura shi yake tashi. Da an idar da sallar asuba Mushe zai ba zogalensa ruwa, ya sha kununsa, ya kunna rediyo yana musu da mai karanta labarai, sannan ya fito ƙofar gida ya shimfiɗa tabarma. Kafin hantsi za ka ga samari da 'yan mata rataye da jakunkuna sun zo sun durƙusa. Ɗaliban jami'a ne masu karatun aikin mulki, an turo su sitaj, wato koyon aiki a aikace. Ba ya tambayarsu abin da suka karanta. Tambayarsa ɗaya ce: "Daga tasha zuwa nan, wa ka gaisar?" Wanda ya ce babu, sai ya koma tasha ya sake tahowa.

A wannan watan ne Mushe ya ajiye kujerarsa a kwamitin ba da shawara na sashen koyon aikin mulki, a wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta da ke Maraɗi. Ba a yi masa walima ba, ba a kira 'yan rediyo ba. Ni kuwa ban iya yin shiru a kan irin wannan ba. Kullum muna ƙarar da tawada a kan ɓarayi masu manyan riguna. Yau dai bari a ƙarar da ita a kan mutumin kirki.

Mushe ya fara aiki yana ƙaramin sakatare a biro, wato ofishin gwamnati, zamanin sojan farko, a shekarun da fari ya kwashe dabbobin mutane ya bar musu igiyoyi. A nan ya ga abin da ya hana shi sukuni har tsufansa. A ƙasarmu, idan an gama girbi, hukuma ce ke sa ranar sakin gona, ranar da makiyaya za su shigo da dabbobinsu su ci kara da harawa. Wata shekara aka sa wannan rana daga cikin biro, wanda ya sa ta bai taka gona ko ɗaya ba. Shanu suka shigo wake na ƙasa, aka zare sanduna, aka binne mutane. Mushe yakan ce: "Ba mugu ne ya sa hannu a takardar nan ba. Mai ilimi ne, ya fi ni. Sai dai ba a koya masa fita ba."

Shi ya sa, da ya yi ritaya aka gayyace shi cikin kwamitin, bai ce yana shawara ba. Aikin kwamitin shi ne mutanen da suka san aiki su zauna da malamai su faɗa musu abin da ya kamata yara su koya kafin a ba su biro. A lokacin kwamitin cike yake da manya: magadan gari, 'yan majalisar komin, wato ƙaramar hukuma, shugabannin ma'aikatu. Suna zuwa da motoci, ana kawo musu ruwan sanyi.

Sai sojoji suka sake karɓar mulki, aka rushe majalisu, kowane magajin gari ya miƙa makulli. A zama na gaba Mushe ya iso Maraɗi ya tarar da kujeru babu mutane. Wannan ya ce ba shi da lafiya, wancan wayarsa a kashe. Bari in faɗa ba kwana-kwana: ba don yara suke zuwa ba, don a gan su suke zuwa. Da kujerar gida ta faɗi, ta kwamitin ma ta fita ransu.

Ga kuma inda abin ya yi zafi. A wannan shekarar ce masu tantancewa za su zo, wato malaman da ake turowa su duba karatu su ce ko an yarda da takardar shaidarsa ko ba a yarda ba. In ba a yarda ba, ɗalibi ba zai shiga konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, da ita ba. Cikin sharuɗɗansu akwai kwamiti mai rai, wanda za su gani da idonsu yana zama. Cikin ɗaliban da za su fita a shekarar kuwa akwai Sa'a, ɗiyar Alhassan, shugaban makiyayan Abzinawa na wani yanki a Isawan. Ita ce mace ta farko a danginsu da ta kai jami'a, kuma dangi ba su bar ubanta ya huta ba. Suna ce masa ya saki ɗiyarsa ta tafi neman takardar da ko akuya ba za ta ci ba. Idan aka ƙi takardar, gaskiyarsu ta fito, kuma babu ƙanwar Sa'a da za a sake bari ta wuce lakwal, makarantar boko ta cikin gari.

Dokta Salifu, shugaban sashen, ya rasa inda zai sa kansa. Mushe ya ce masa ya kwantar da hankali. Ya cika baburinsa da isans ya shiga daji. Inda rairayi ya fi ƙarfin babur ya hau amalanke. Ya dawo da sunaye uku: Mai Nasara, hakimin wani ƙauye a Isawan, Alhassan, uban Sa'a, da Hajiya Hindu, mai kula da rumbun tsimin mata a garin Sarkin Hausa.

Dokta ya ce, "Baba, waɗannan ai ko faransanci ba sa ji."

Mushe ya ce, "Wa yaranka za su yi wa aiki, masu faransanci ko su?"

Aka yi zama, aka sake yin zama, har da faɗa. Hajiya Hindu ce ta ba ni labarin, kuma ba ta rage komai ba. Ta ce a zaman farko ta gaya wa Dokta a gaban malamansa cewa ɗalibin da ya zo musu bara ya kira ta "ke" yana danna waya, kuma da ɗanta ne da ya sha muciya.

Damina ta yi gardama a shekarar. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, arewa ta bushe tun da wuri, makiyaya suka gangaro da dabbobi masu haƙarƙari a waje, suka tsaya a bakin gonakin da ba a gama kwashewa ba. Kantoman da soja suka naɗa, mutum ne mai hankali, ya ce wa hakimai da shugabannin makiyaya: ku daidaita kan rana, ni in sa hannu. Aka sa taro ranar wata Talata a ƙauyen Mai Nasara. Mushe ya riga ya kai ɗalibansa can, su Sa'a, suna zagaya gonaki da ƙafa. Sai ga saƙo daga Maraɗi: masu tantancewa sun iso, kuma ranar Talata za su gana da kwamiti a zauren jami'a.

Dokta ya bugo waya, ya ce a kwaso kowa a taho. Mushe ya ce babu mai motsawa.

"Ce n'est pas possible, Baba! Ka kashe ni!"

"Abin da ba zai yiwu ba shi ne in ɗauke Mai Nasara da Alhassan daga nan, in bar samarinsu da sanduna. Na taɓa ganin ƙarshen wannan wasan, Dokta. Takarda ba ta kai rai ba."

Ku lura, ya san abin da yake sakawa a kan wuta. Ya san idan baƙin suka rubuta cewa ba su ga kwamiti ba, sai bayan shekaru za su dawo. Ya kira Sa'a ya gaya mata haka ba ɓoye-ɓoye. Ta ce, "Baba, akwai gonakin gabas da ban gama dubawa ba." Ta ɗauki gorar ruwanta ta wuce.

Ranar Litinin da sassafe Mushe ya buga babur zuwa Maraɗi, ya sami shugabar masu tantancewar a masaukinta. Farfesa ce daga wata ƙasar bakin teku, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ya gaishe ta, ya ce mata da faransancinsa na tsohon sakatare: kin zo ki ga ko kwamitinmu na da rai ko a takarda yake. In na kawo miki su nan, za ki ga tsofaffi uku a gajiye, hankalinsu na gida. In kin biyo ni, za ki gan su a bakin aiki. Ta ce dokarsu ba ta faɗi haka ba. Ya ce ta faɗi dole sai a zaure? Ta yi tunani, ta ce ba ta faɗi ba. Ta tambaya ko da nisa.

Ya ce, "Nan kusa ne."

Allah ya yafe maka wannan, Mushe. Motar da ta ɗauko su da Dokta ta kafe a rairayi bayan Mayahi, Madam ta ƙarasa a kan amalanken shanu tana riƙe da jakarta da hannu biyu. Da ta sauka dogon takalminta ya nutse. Hajiya Hindu ta cire na robarta ta miƙa mata, ta ce, "Sa wannan, ƙawata, nan ba a tafiya bisa ƙusa."

A gindin wani babban gawo aka zauna, manoma a gefe, makiyaya a gefe, tsakani babu mai kallon wani. Mushe bai yi jawabi ba. Ya ce ɗalibai sun zaga, su faɗi abin da suka gani. Sa'a ta tashi. Wani manomi ya ce da ƙarfi, "Ɗiyar mai raƙumi za ta yi muna shari'ar kara?" Sa'a ta ce gonakin arewa an kwashe su tas, a sake su gobe, dabbobi na mutuwa. Na gabas kuwa wake na ƙasa, mata ba su gama roro ba, a ba su Juma'a biyu. Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Tamajak.

Alhassan ya zabura. "Ke! Na kai ki lakwal ki zo ki hana ni ciyawa?"

"Baba, ba ni na hana ba, waken Inna Jummai ne ya hana. In ka yarda mu je ka gaya mata da bakinka."

Aka kwashe da dariya, don kowa ya san bakin Inna Jummai. Manoma suka fara tafi. Sa'a ta ce ba ta gama ba. Ta juya wajen hakimi ta rusuna: "Ranka ya daɗe, burtalin da dabbobi za su bi zuwa rijiya gonaki sun cinye shi. Wadda ta fi shiga ciki ta ƙanenka ce."

Tafi ya tsaya. Mai Nasara ya ce, "Wa ya koya ma yarinyar ga rashin tsoro?" Ido ya koma kan Mushe, shi kuwa ya duƙufa yana ɓare goro. Hakimi ya ce a cire shingen kafin la'asar. Aka shafa fatiha, kowane ɓangare na ɗan gunaguni. Mushe ya raɗa wa Dokta, wanda ke fassara wa Madam yana share gumi: "In kowa ya tashi da ɗan gunaguninsa, an yi adalci."

Sai da taro ya watse sannan kwamiti ya zauna, a kan tabarmar nan dai. Madam ta tambaye su me suka taɓa canzawa a karatun. Mai Nasara ya ce, "Mun ce kada a ba yaro takarda sai ya yi kaka guda cikinmu." Hajiya Hindu ta ce, "Kuma shi koyi gaisuwa." Dokta ya tabbatar cewa duka biyun sun shiga tsarin karatu, har da maki. Alhassan ya kawo cuku ya ajiye a gaban baƙuwa. Ta ce dokar aikinta ta hana ta karɓar kyauta. Mushe ya ce gaskiya ne, kada ta sa ko ɓallin a jaka. Ya ɓalla ya ba kowa, ya ce abin da aka ci a taro abinci ne. Hajiya ta ce Madam ta ci har ta ƙara.

Madam ta tafi ba ta faɗa musu hukuncinta ba a ranar. Watanni suka wuce, har dangi suka fara yi wa Alhassan barka ta izgili. Rannan Dokta Salifu ya zo Tasawa da kansa, bai ko kashe mota ba, ya faɗo ƙofar gidan Mushe yana ihu: "An yarda, Baba! An yarda!" Maƙwabta sun ce Mushe ya dube shi ya ce, "Daga bakin titi zuwa nan, wa ka gaisar?" Sannan ya rungume shi, hularsa ta faɗi bai sani ba. A Isawan guɗa ta tashi a rugage da cikin gari lokaci guda, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa ji ba.

Mushe, kai ne ka zauna lokacin da masu motoci suka gudu. Kai ne ka yarda a rasa hatimi da dai a rasa rai, Allah kuma ya haɗa maka duka biyun. Gawo, mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar. Ba zan ƙara maka kirari ba, na san ba ka so.

Sa'a ta ci konkur. Yau ita ce babbar sakatariya a wata komin ta ƙasar Tasawa, ƙannenta mata biyu suna jami'a, kuma ita Mushe ya miƙa wa kujerarsa a kwamitin. Kakar da ta wuce ita ta kira taron sakin gona a yankinta, bayan ta zaga gonaki da ƙafarta. Mushe ya je ya zauna can baya, bai ce uffan ba har aka tashi. Da aka tambaye shi dalili ya ce bai ga abin gyara ba.

Mun gode, Mushe Mamudu. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka gama lafiya, ya ba ka babur mai tashi da kansa. Ku kuma da kuka yi ritaya kuna zaune a majalisa kuna zagin yaran zamani ba su iya aiki ba, ina tambayarku: wa kuka koya wa? Tabarma ba ta da tsada. Ku shimfiɗa ta a ƙofar gida, yaran za su zo.