Gem ɗin da ke kunna kansa

Ni ne na fara sayen sabuwar na'urar gem ɗin nan a unguwarmu a Kazaure, a makon da ta shigo kasuwa. Ninki biyu na biya, ko a jikina. Samari har daga Roni da Gwiwa suke hawo babur su zo kallonta, ni kuwa sai hura hanci nake. Wasa biyu kacal gare ta, ƙwallo da tsere, sauran ba su fito ba tukuna. Yayana, mai sayar da shanu a kasuwar Babura, ya ce gaggawata ta sa na sauke tuwo bai nuna ba. Amma kullum bayan la'asar shi ne farkon zama, yana cinye ni yana dariya.

Gaskiyarsa ne. 'Yan fitowar farko da aibinsu suka zo. Tawa takan kunna kanta ba wanda ya taɓa ta, ta shiga nuna wasannin da ta ɗauka, har da muryoyinmu. A da haushi kawai abin yake ba ni.

Sai Yaya ya rasu a hatsarin mota.

Kwana tara da rasuwar, da rana tsaka, gida tsit, ina alwala na ji dariyarsa daga ɗakina, ɗakin kuma a rufe. Buta ta suɓuce mini. Muryar ta ɗaga: "Inna! Zo ki ga yadda nake lallasa ɗanki!" Na san gem ne, amma sanin bai hana tsigar jikina tashi ba.

Matata ta ce ko ita ko abin nan a gidan. Na buga wa mai gyara a Kano, ya ce maganin ɗaya ne, a goge komai na ciki. Na roƙe shi ya fara kwafe mini muryar, ya ce na'urori masu wannan ciwon ba sa bari a kwafa. Muka sa Asabar, zuciyata ba daɗi, don ba ni da muryar Yaya a ko'ina sai nan.

Yaya ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta amsa kiransa a gaban mutane. Ko ranar jana'iza Inna ba ta yi hawaye ba.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na ga takalmanta a ƙofar ɗakina. Na leƙa. Tana zaune a tabarma gaban talabijin a kashe, tana jira. Can shuɗiyar fitilar gem ɗin ta kawo da kanta, dariyar ta cika ɗakin, Yaya ya kira ta.

"Na'am," in ji Inna a hankali. "Ga ni."

Da ta fito ba ta dube ni ba. Tana sa takalmi ta ce, "An ce gobe za ka kai abin nan gyara."

"E, Inna."

"Ba abin da ya same shi."