Ledar koko da shirun ɗan farina

Shekarun baya, shekarar da kogi ya cika ya biyo mu har ɗaka, ina ɗauke da cikin ɗana na fari. Muna wani ƙauye ne wajen Guri, maigidana masunci. Ruwa ya ci katanga, ya ci rumbu, randunan aurena duk suka farfashe. Muka kwashi abin da ya saura muka dawo Haɗejiya gidan mahaifiyata. A nan na haihu, a nan kuma muka yi zamanmu.

Tun daga nan komai namu ya koma roba. Ruwan sha a jarka, ta yini a rana har ruwan ya yi ɗumi ya ɗauki wari. Icce kuwa jiƙaƙƙe, ba ya kamawa sai an cusa masa leda an ƙyasta ashana. Haka nake durƙusawa ina hurawa, baƙin hayaƙin nan yana cika min ido, da tsohon ciki, daga baya kuma da goyo. Mahaifiyata koko da alala take sayarwa, duka a leda ake ƙullawa da zafinsu. Da yaron ya fara cin abinci, sai in ciji gefen ledar in sa masa a baki ya tsotse. Ban taɓa kawo komai a raina ba, duk layinmu haka ake yi.

Ya yi rarrafe, ya yi tafiya, aka yaye shi, amma baki shiru. Sa'anninsa suna ta surutu har da ɗan zagi, nawa sai nuni da yatsa. Mahaifiyata ta ce nauyin baki ne kawai, wai kawuna, ƙanenta, shi ma haka ya yi.

Ranar da hankalina ya tashi, awon cikina na biyu na je. Kafin a fara awo, malamar asibiti takan yi mana bayani. Ran nan sai ta ɗauko zancen leda. Ta ce akwai wasu sinadarai a jikin leda da roba, in zafi ya taɓa su sai su saki su shiga abinci, ba a ganinsu, ba a jin ɗanɗanonsu. Ta ce masana suna zargin suna iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, su kawo jinkirin magana ko wahalar ɗaukar karatu. Tana wannan magana, ɗana yana kan cinyata, ledar koko a bakinsa yana tsotsa. Ban san lokacin da na fizge ta ba. Ya tsandara kuka, mata suka juyo suna kallona.

Ni ko firamare ban gama ba, ban san yadda sinadari yake ba. Abin da na sani shi ne yadda leda take yi a murhu: ta narke, ta ɗiga, ta daskare baƙi ƙirin a jikin dutse, ko da wuƙa ba ta kankaruwa. To haka na riƙa ganinta a cikin kansa. In yana wasa sai in jawo shi in lallatsa kan, wai ko zan ji taurinta. Abinci ya daina shiga min. Ga kuma wanda ke cikina, shi ma hayaƙin yake shaƙa.

Na tattara robobin gidan na jibge a zaure. Mahaifiyata ta fito ta riƙe ƙugu.

“Ke 'yar nan, a me zan ƙulla wa mutane koko? A tafin hannuna?”

“Inna, cewa aka yi tana taɓa ƙwaƙwalwa.”

“Ke ba a ledar kika sha ba?”

“To ai ga shi karatun ya ƙi ni, Inna.”

Ta yi dariya har da tafi, ni kuwa hawaye nake. Maigidana bai ce komai ba sai “ki kwantar da hankalinki”, amma ranar kasuwa sai ga shi da randa da kofin silba a bayan babur. Daga nan na gane shi ma tsoron ya kama shi.

Sai na zama mai gadi. Garinmu kuwa ko'ina leda ce, iska ta kwaso ta zube a tsakar gida. Duk lokacin da yaron ya kai hannu, sai in daka tsawa: “Leda! Ajiye!” Safe da yamma, har maƙwabta suka haddace.

Da abin ya ishe ni, na koma wurin malamar ba ranar awo ba. Na tsaya har ta sallami mutane, sannan na ce, “Malama, ana iya cirewa?”

“Cire me?”

“Ledar da ta taru masa a ka.”

Allah ya saka mata da alheri, ba ta yi min dariya ba. Ta ce ba haka abin yake ba, babu wata leda a kansa, kuma ita ba za ta iya rantsewa cewa ita ce ta riƙe masa baki ba, don abubuwan da ke kawo haka suna da yawa. Ta ce dai in daina ba shi abu mai zafi a leda, in daina hura wuta da ita. Ta tura mu aka duba kunnensa, lafiya lau. Sai ta tambaye ni, “Kina yi masa hira?”

Na sunkuyar da kai. “Malama, ɗan fari ne.”

Kun san al'adarmu. Ɗan fari ko sunansa ba ka kamawa, balle a gan ka kana masa wasa. Ni kuma a gaban mahaifiyata nake zaune, kunyar ta yi min yawa.

Ta ce, “To bakin wa zai kwaikwaya? Kunyar nan ki riƙa cire ta a bakin ƙofa tare da takalminki.”

Haka na fara. In saki labule, in rage murya kamar mai sata, in ce masa wannan kifi ne, wannan ludayi, wannan hancinka. Ya ƙura min ido kawai. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, babu ko kalma. Wani lokacin ina cikin yi masa hirar sai in ce a raina shi ke nan, ya riga ya lalace.

Rannan da safe an kwana ana ruwa, icce ya ƙi kamawa, masu sayen koko sun fara sallama. Ina ɗaka ina leƙe ta labule, na ga mahaifiyata ta waiwaya, ta zaro leda daga ƙarƙashin tabarma a hankali za ta cusa a murhu. Kafin in yi magana, yaron ya taho da gudu ya kama hannunta.

“Leda! Ajiye!”

Da muryata, da irin tsawata, har da ɗaure fuskar. Na fito na zauna a bakin ƙofa. Mahaifiyata ta daɗe tana kallonsa, ledar a hannunta, sannan ta goge ido da bakin zani ta ce, “Oh ni. Duk mutanen gidan nan ya rasa wa zai fara kira sai leda.” Ta ajiye ta kuwa. Ran nan, da busasshen kara muka hura wuta, masu koko suka gaji da jira.

Yanzu yana makaranta, surutunsa har ciwon kai yake sa ni. Alalar mahaifiyata ta koma gwangwani, mai son koko ya zo da kofinsa, waɗansu sun daina zuwa. Ni kuma na daina jin kunyar yi masa hira, sunan ne dai har yau bakina ya kasa.

Amma ba zan ɓoye muku ba, tsoron bai tafi ba. Duk ranar da ya dawo an ce ya kasa hadda, sai in rasa ko ƙuruciya ce ko kokon nan ne, kuma babu wanda zai iya faɗa min. In na ji ƙaurin leda daga maƙwabta, hannuna da kansa yake neman kan yaron. Shi kuwa sai ya goce, ya ce, “Umma, kin fara ko?”