Malam Hamidu Mai Gora da Rawar Mutanen Filifin

A kasuwar Tudun Wada kowa ya san rumfar Malam Hamidu mai gora, amma kaɗan ne suka san ya iya kiɗan rawar wata ƙasa mai nisa.

Mutumin Doguwa ne, saran gora kuwa gadonsa ne. Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, zamanin da malaman ƙasar Filifin ke koyarwa a makarantunmu, wani malamin lissafi mai suna Ramon ya roƙe shi gora biyu dogaye. Hamidu ya zaci rufin ɗaki za a yi, sai ya tsaga su tsaf kafin ya kai. Ramon da matarsa Pilar suka yi dariya har da hawaye, suka ce ya kawo marasa tsagi.

Ashe kewar gida ke damunsu. Suka ba shi labari cewa a irin wannan wata jama'ar garinsu kan cika tituna da ganguna, a shafa launi a fuska, a sa hulunan gashin tsuntsu, yaro da babba su wuni suna rawa. A nan kuwa rawar gora kaɗai za su iya. Mutum biyu kan durƙusa su riƙe bakunan gorar, su buga ƙasa sau biyu, su haɗe su a na uku, mai rawa yana jefa ƙafa tsakani yana zarewa kafin a datse shi. Shekara huɗu Hamidu yana abokin bugun Ramon, Pilar tana takawa. Da suka koma ƙasarsu, ya bar abin.

Bara waccan matarsa Turai ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ƙafar za ta dawo in ana taka ta, in aka bar ta kuwa shi ke nan. Turai ta ƙi tashi, don ba ta son surukarta Raihana ta ga tana jan ƙafa. Lallashi ya ƙare, Hamidu yana kallon ƙafar tana ƙanƙancewa.

Wata rana da hantsi ya shimfiɗa gora biyu a tsakar gida, ya kira Raihana ta riƙe ɗaya bakin. Ta durƙusa, kunya ta hana ta ɗaga kai, suka fara bugawa.

Turai ta ce daga kan tabarma, "Malam, da furfurarka za ka koma makaɗi?"

Ya amsa cewa shi bugu kawai ya iya, shiga tsakanin gorar kuwa sai mai zuciya, shi ya sa bai taɓa gwadawa ba.

Kwana uku tana kallo tana kushe bugun Raihana. A na huɗu ta ce a miƙo mata sandarta. Ta sa ƙafar mai ciwo tsakani da ƙyar, ta zare. Hamidu ya yi ta buga ƙasa, ya ƙi haɗe gorar.

"Haɗa su mana, Malam," in ji ta. "In ba tsoron datsa, me zai sa in ɗaga ƙafar?"

Ya haɗe su a hankali. Sau biyu suka kama ta ran nan, ta kuwa ɗora wa Raihana laifi duka biyun.

Kafin damina ta faɗi, Turai ta taka da sandarta har gidan suna a ƙarshen unguwa. Malam Hamidu ya bi ta daga nesa, wai shi masallaci za shi.