Taku Ashirin Daga Bakin Teku

A shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu suka fito daga ƙasa suka cika bishiyoyin garin Silver Spring na Amurka da kuka, na kai maƙwabciyarmu Hajiya Memuna bakin teku. 'Yar Accra ce, mai zane. Katako take shafa wa fenti, ta manna masa ƙyalle da yashi da katantanwa. Wanda muka ɗauka ranar ta yi wata uku a kansa. A tsakiyarsa za ta manna ƙyallen shuɗin zanen marigayiya mahaifiyarta, shi kaɗai ya rage mata.

Silver Spring

Mun tashi biyar da minti goma, bayan Asuba. Ta kasa zama wuri ɗaya, sai waiwayen katakon take yi.

"Malam Idi, taka motar mana."

"Hajiya, tekun ba zai gudu ba."

"Ƙarar ruwan nake so in ji kafin in san inda yashin zai zauna. A ɗaki hannuna ya ƙi."

Babbar gada

Shida da kwata muka hau gadar Chesapeake, mil huɗu ruwa hagu da dama. Ni mutumin Maraɗi ne, ban kalli gefe ba. A garin Easton muka sha shayi a tsaye. Na karanta allon hanya da kaina, don lokacin wata biyar ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci.

Bakin teku

Takwas da rabi muka isa. Ta durƙusa ta shafa gam, ta manna ƙyallen, ta yayyafa yashi, ta kankare, ta sake. Tara da rabi ta miƙe.

"Zan nemo katantanwa. Ka kula da shi ya bushe."

Iska na watsa masa ƙura daga tudu, sai na matsar da shi ƙasa inda yashi ke da danshi. Na auna taku ashirin daga ruwa. A Gulbin Maraɗi wannan ya isa. Na zauna na juya wa teku baya, na buɗe littafina ina aikin gida.

Sanyi na ji a ƙugu. Da na waiga, katakon yana yawo. Na shiga har gwiwa na kamo shi. Tsakiyarsa wayam.

Hajiya ta dawo da gudu. Ta daɗe tana kallon gurbin.

"Ba ka san ruwan teku yana hawa ba?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ni ce ban faɗa ba."

Awa biyu muna bin gaɓa muna duba kowane abu shuɗi. Ba mu samu ba.

Komawa

A kan gada ta waiga ta kalli katakon. "Gurbin nan haka zan bar shi," in ji ta. Mun iso gida biyar na yamma lafiya, Alhamdu lillahi.

Abin da ruwa ya ci: buroshi biyu, takalmina na hagu, shafi shida na rubutuna, da ƙyalle ɗaya.