Tudun da Babu Shi a Rami na Bakwai

Aikina a filin golf ɗaukar jakar sanduna ne, ina bin 'yan wasa daga rami zuwa rami. Wata Talata da safe na sauka bakin tafkin rami na bakwai neman ƙwallon wani Alhaji, sai abin da na zaci kututture ne ya buɗe ido. Kada ne. Na yar da jakar na kwasa a guje.

Oganmu ya ce shekararsa nawa bai ga kada a wannan tafkin ba, lalaci ne kawai. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in nemi wani aikin.

A safiyar ranar kuwa wasu ma'aikata suna auna filin da na'ura mai ƙafa uku, za a saka shi a wasan kwamfuta. Shugabarsu, wata injiniya 'yar Filato, ta taɓa yi mini bayani cewa na'urar tana harba hasken leza ne, duk abin da hasken ya taɓa ya dawo sai ya zama ɗigo. Ruwa ne kawai ke ba ta wahala.

Bayan mako biyu suka dawo gwajin wasan a kan kwamfuta, aka kira mu masu jaka tunda mun san ƙasar da tafin ƙafa. Na sha mamaki. Har ɗan gangaren rami na uku da ke yaudarar baƙi yana nan. Amma a na bakwai, ƙwallo ta bugi wani tudu a bakin ruwa ta dawo.

Na ce, "Anti, babu tudu a nan."

"Ƙanwata, na'ura ba ta ƙarya fa."

"To ki buɗe ɗigogin mu gani."

Ta yi ta matso da hoton. Ga dogon baki, ga wutsiya ta lanƙwashe. Na zauna a ƙasa. Oga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe ki zo da wuri."

An kafa allon gargaɗi, injiniya kuma ta share tudun daga wasan. Har yau ta nesa nake zagaye tafkin. Abin da nake ta tunani shi ne, minti nawa ne tsakanin wucewar hasken da saukowata? Injiniya ta ce na'urar tana ajiye lokaci. Ban tambaya ba tukuna.