Tsanwar Ƙyauren Inna, Shekara Tara Bayan Yaya Alkasum

Da damanar bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Alkasum. Ciwo ya kayar da shi a Abijan, inda yake tafiya bida, wato ci-rani, kowace shekara bayan girbi kamar yawancin mazan Adar, a can kuma aka yi masa sutura. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi sadakar fura, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana dai sai na yi magana, don yana kwance a makwancinsa ya sa ni yawon kantunan Tawa da kujerar tsuguno a hannu, ni da har na aurar da ɗiya.

Gidan mahaifiyarmu, Inna, yana Takanamat, kuma yana da ƙyauren ƙarfe. Yaya ne ya sa shi, shi ya zaɓa masa launi: tsanwa mai duhu, koren nan da ya kusa baƙi, kamar tsohon ganyen mangwaro. Yaya ba mai fenti ba ne, shayi da burodi yake sayarwa a bakin tasha. Amma duk dawowar da zai yi gab da ruwan shuka, akwai gwangwanin fentin nan a gindin jakarsa. Kafin ya gama zagayen gaida dangi, ya tuɓe riga yana kankare ƙyaure. Mukan tsokane shi mu ce ƴan bidar mutane na dawowa da rediyo da atamfa, namu da gwangwani. Sai ya ci gaba da kankararsa. Ga shi da ƙin ɓarna, ba ya yarda a wanke buroshi da sauran fenti a jikinsa, sai ya goge shi a duk abin da hannunsa ya kai, ko murfin akwati, ko gefen amalanke. Inna ta yi faɗa har ta gaji ta bar shi.

Bayan rasuwarsa ba wanda ya taɓa ƙyauren. Ba shawara muka yi ba, hannun kowa ne ya yi nauyi. Fentin ya koɗe, ya fara ɓarewa, tsatsa ta kama ƙasan. Ita ma Inna tsufa ya cim mata, hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Takan manta sunan jikokinta, takan tambayi mutanen da suka daɗe da rasuwa kamar jiya suka rabu. Amma in ta fita maƙwabta, ko ba mai rakiya, takan gane ƙofarta ta shiga.

Gab da babbar salla ƙanenmu Hamidu, wanda ke zaune da ita, ya ga abin ya yi muni. Da kyakkyawar niyya ya sayo gwangwanin da aka ce masa tsanwa mai duhu ce, ya kankare ƙyauren har ƙarfe, ciki da waje, ya shafe. Da ya bushe sai ya fito kore shar kamar sabon haki. Inna ta dawo daga barkar haihuwa, ta tsaya, ta duba, ta juya.

"Wanga ba gidana na ba. Ku kai ni gida."

"Inna, gidanki na," in ji Hamidu. "Hwenti kawai na sake."

"Ɗan nan, ni zaka gwada ma ƙohwata?"

Ta koma gidan maƙwabciyarta Gwaggo Hajo ta zauna, ɗan ƙullin kayanta a cinya, tana jiran a kai ta gida. In an lallashe ta an shigar da ita, sai ta ce ba ta kwana gidan mutane, ta fito. Da farko har dariya muka yi ta waya, muna cewa tsohuwa ta yi yaji. Dariyar ta ƙare ranar da wani mai amalanke ya tsince ta a kan hanyar Tebaram da rana tsaka, ba takalmi, tana neman ƙyaurenta. Ranar na rufe keken ɗinkina na shiga motar Takanamat.

Ƙyauren bai bar mana ko ɗigon tsohon launi ba, Hamidu ya yi aikinsa da gaskiya. Akwatin an bayar da shi tuntuni, amalanken ya mutu. Ina zaune na rasa abin yi, sai wata jika ta kifar da kujerar tsugunon Inna tana wasa. Ga shi nan a gindinta, shafar buroshi ta Yaya, rana ba ta taɓa ganinta ba, kamar jiya ya goga. Na rungumi kujerar na dawo Tawa.

A nan na koyi abin da ban sani ba: sunan da ke jikin gwangwani ba alkawari ba ne. Kowane kamfani da tasa tsanwa mai duhu. Wanda ake shigowa da shi ta Ƙonni yana jan rawaya, na Aljeriya yana jan shuɗi, irin wanda Yaya ke kawowa kuwa an ce an daina ganinsa. Ƴan kabu-kabu har sun gane ni, suna cewa ga Hajiya mai kujera. Wani mai kanti da na sa ya buɗe gwangwani bayan gwangwani ya gaji ya ce, "Hajiya, tsanwa ai tsanwa ta." Na ce, "Bari in ɗinka ma matarka leshi da zaren da bai dace ba, ka je ka hwaɗa mata haka nan." Ya yi dariya ya ɗauko wani.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Ɗiyata ta ce in daina wahala, ta ɗauki hoton gindin kujerar ta tura wa masu kanti. A wayarta launin daban, a tawa daban, a tasu daban. Na san dariyar da zai yi, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Zai kuma yi mamakin samarin yanzu da ke shekara da shekaru a bida, suna aiko murya ta waya, a sa wa gidajensu ƙyauren da ya zo da launinsa daga kamfani, wanda ba ya buƙatar hannun kowa. Ba na zarginsu, hanyoyin ba kamar da ba ne. Amma shi da bai gane wannan ba, don a wurinsa mutum bai dawo ba sai ya taɓa ƙofar uwarsa.

Da na ga ba gwangwani ɗaya da zai ba ni, sai na shiga haɗawa da kaina. Karon farko na zuba fentin ruwa cikin na mai, abin ya tsinke kamar nonon da ya kwana, maigidana ya leƙo ya ce ko fura za a dama. Daga nan na tsaya ga na mai. Na yi masa yadda nake yi wa zare da atamfa: ba a inuwar ɗaki ake gwadawa ba, sai a fili. Na samo guntun kwanon rufi, ina haɗa mai jan rawaya da mai jan shuɗi da cokali, in ɗiga baƙi kaɗan, in ja layi, in bar shi a rana. Ɗanyen fenti maƙaryaci ne, sai ya bushe yake nuna halinsa. Layukan suka yi ta ƙaruwa, yatsuna suka rine, masu ɗinkin salla suka yi ta fushi. Wata safiya na kifa kujerar kusa da layi na ƙarshe, idona ya kasa raba su. Na zauna na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka aiko da rasuwar.

Na kai haɗin Takanamat, Hamidu ne ya sake kankarewa ya shafa. Muka jira ya bushe. Bayan la'asar na je gidan Gwaggo Hajo na ce, "Inna, tashi in kai ki gida." Ta miƙe da ƙullinta, ba gardama. Da muka kawo ƙofar ta tsaya, ta daɗe tana kallo, ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙarfen, ta shaƙi warin sabon fenti.

"Alkasum ya zo?"

Ɗan farinta ne, kuma tun da aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kunya ba ta bari. Sai ranar.

Na ce, "Bai zo ba, Inna. Mu munka shahwa."

Ta gyaɗa kai, ta tura ƙyauren da kanta, ta shiga, ta ce a shimfiɗa mata tabarmarta.

Yaya bai bar gona ba, bai bar gini ba, bai bar ɗan da zai gaji sunansa ba. Na sha ɗauka cewa bai bar komi ba sai kewarsa. Yanzu na san ya bar wa mahaifiyarsa abin da take gane gidanta da shi, bayan ta daina gane fuskokinmu. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka makwancinka. Ruwa ya sauka a Takanamat, kuma Inna a ɗakinta take kwana.